Babi na Shida: Saƙon da Ake Kira 837

A Amurka, idan likita ya gama duba mara lafiya, kuɗin aikinsa ba daga aljihun mara lafiyar yake fitowa ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Mafi yawan kuɗin yana hannun wani na uku wanda bai ga ciwon ba, bai kuma ga likitan ba: kamfanin inshora, ko shirin Medicare na gwamnatin tarayya da ke ɗaukar nauyin 'yan shekara 65 zuwa sama, ko Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi. Wannan na ukun ba ya sakin ko sisi sai an rubuto masa wa aka duba, me ke damunsa, me aka yi masa, wa ya yi, a ina, yaushe, nawa ake nema. Tambayoyi bakwai ne da ɗan firamare zai amsa a bangon littafinsa. Amma shirya amsarsu a kan fasali ɗaya wanda kowace kwamfuta za ta gane ya ci wa Amurkawa shekaru masu yawa da dukiya mai yawa, kuma har yau da sauran rina a kaba.

Kafin kwamfuta, fom ake cikawa. Likitoci da ƙananan asibitocin shan magani suna amfani da wanda ake kira CMS-1500, mai gurbi 33. Da jar tawada ake buga shi, ba don ado ba. Na'urar da ke karanta takardun an saita ta yadda ba ta ganin wannan jan, sai baƙin rubutun da aka cika, don haka wanda ya yi wayo ya kai fom ɗin shagon fotokwafi ya aika baƙi da fari, dawo masa da shi za a yi. Layi shida kacal fom ɗin ke da shi na ayyukan da aka yi. Wanda ya yi wa mara lafiya abu bakwai, sai ya buɗe fom na biyu. Manyan asibitoci kuwa nasu daban ne, UB-04, mai gurbi 81, wanda ya gaji UB-92 a 2007. Dalilin rabuwar shi ne likita yana neman kuɗin aikin hannunsa da iliminsa, asibiti kuma yana neman kuɗin gado da ɗakin tiyata da magani da kayan aiki. Mutum ɗaya da aka yi wa tiyata ɗaya, takardun neman biya uku ko huɗu na iya fita da sunansa: ta asibiti, ta likitan fiɗa, ta mai ba da maganin barci, ta wanda ya karanta hoton da aka ɗauka.

Da kwamfuta ta shiga ofisoshin likitoci, dabara ta farko da aka yi ita ce mafi sauƙi. Maimakon manhaja ta tura rubutun zuwa firinta ya hau kan jan fom, sai ta adana shi a fayil yadda zai fito a takarda, kowane harafi a layinsa da gurbinsa. Mai karɓa kuma ya koya wa tasa kwamfutar cewa sunan mara lafiya yana layi kaza, daga harafi na kaza zuwa na kaza. Wannan shi ake kira hoton bugu. Yana aiki muddin babu abin da ya gusa. Ranar da aka sabunta manhajar ofis, rubutu ya matsa gurbi ɗaya zuwa dama, sai ranar haihuwa ta rasa lambarta ta ƙarshe a takardu ɗari uku a lokaci guda, ba kuma wanda zai lura sai kuɗi sun ƙi zuwa.

Medicare ta fito da nata tsarin, NSF, inda kowane layi yake da tsawon harafi 320 daidai, ko da rabinsa sarari ne. Haruffa uku na farkon layi ke faɗin abin da ya ƙunsa: BA0 na likita ne, CA0 na mara lafiya, DA0 na inshora, FA0 na aikin da aka yi. An so ya zama na ƙasa baki ɗaya, amma kowane kamfani da ya karɓe shi sai ya taɓa shi kaɗan: wannan ya cusa wata lamba tasa a wani gurbin da aka bari fayau, wancan ya ce shi a wani gurbin yake son ta. Lokacin da Ma'aikatar Lafiya ta Amurka ta zo ƙirgawa, ta ce akwai fasali kusan 400 na aika takardar neman biya ta kwamfuta a ƙasar.

A irin wannan hayaniya ce dillali ke samun abinci. Likita mai hulɗa da kamfanonin inshora hamsin ba zai koyi harshe hamsin ba. Sai ya miƙa takardunsa duka ga kamfani ɗaya na tsakani, wanda ya san bakin kowa, ya juya kowace takarda zuwa fasalin da mai biyanta ke so, ya kai, ya karɓi la'adarsa. A cikin wannan babi dillalan bayanai zan riƙa kiransu, domin aikin da suke yi ke nan.

Doka ta shigo

Ranar 21 ga Agusta 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar HIPAA. Yau Amurkawa sun fi saninta da kare sirrin mara lafiya, ita ce dalilin takardar da ake ba su su sa wa hannu a kowane asibiti. Amma akwai wani sashe nata da aka rubuta musamman don rage wahalar aikin ofis, kuma shi ne ya umarci ma'aikatar lafiya ta zaɓi fasali ɗaya ta ɗora wa kowa. Ƙa'idar ta fito a Agustan 2000. Bayan ɗage wa'adi na shekara guda, ranar 16 ga Oktoba 2003 ta zama ranar ƙarshe, kuma daga ranar Medicare ta daina karɓar takarda sai daga ƙananan ofisoshi, kamar na likitan da ma'aikatansa ba su kai goma ba. Akwai kuma ɗan kwaɗaitarwa: wanda ya aiko ta kwamfuta ana iya biyansa daga rana ta 14, mai takarda sai ya jira rana ta 29.

Fasalin da aka zaɓa ba a asibiti aka haife shi ba. Asalinsa na 'yan dako ne da 'yan kasuwa. Ana danganta tushensa da jigilar kaya ta sama zuwa Balin a 1948 da 1949, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin ƙasa, jirage suna sauka kowane 'yan mintoci da gawayi da fulawa, takardun kayan kuma kowace da irin nata rubutun. Wani sojan Amurka mai suna Edward Guilbert yana cikin waɗanda suka tsara takardar kaya ta bai ɗaya da za a iya aikawa ta waya kafin jirgi ya iso. Bayan ya bar soja ya ci gaba da wannan aiki tare da kamfanonin sufuri, har a 1979 hukumar daidaita ma'aunai ta Amurka ta kafa kwamitin da ake kira X12. Kwamitin ya ba kowane irin saƙon ciniki lamba: 850 odar kaya ce, 810 takardar neman kuɗin kaya, 856 sanarwar cewa kaya sun taso. Saƙon neman biyan kuɗin magani ya sami lamba 837, a gida ɗaya da odar sabulu da tayar mota. Kashi uku ne: 837P na likitoci, wanda ya tsaya a madadin jan fom; 837I na asibitoci; 837D na likitocin haƙori. Kantunan magani su kaɗai suka tsira da nasu tsarin daban, na wata ƙungiya mai suna NCPDP, domin su amsa suke so nan take, mai saye yana tsaye a gaban kanta.

Wanda ya buɗe fayil ɗin 837 karon farko zai ɗauka kwamfutar ce ta lalace. Sau da yawa rubutu ne guda ɗaya miƙaƙƙe, ba sakin layi, cike da taurari. Amma ƙa'idarsa ba ta da wuya. An yanka saƙon gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa tana farawa da suna mai harafi biyu ko uku, tauraro yana raba gurbi da gurbi, 'yar lanƙwasar nan (~) kuma tana rufe gaɓar. Ga zuciyar wata takarda ta misali, na jera ta layi-layi don sauƙin karatu:

CLM*A1027*150***11:B:1*Y*A*Y*Y~
HI*ABK:I10~
LX*1~
SV1*HC:99213*150*UN*1***1~
DTP*472*D8*20240115~

Gaɓar farko ta ce: ga takardar neman biya, lambarta a ofishinmu A1027, jimillar kuɗi dala 150. Taurari uku a jere na nufin an tsallake gurbi biyu da ba a amfani da su, amma dole a bar musu alamarsu, domin kwamfuta ƙirga taurari take yi ta san inda take. Lamba 11 na nufin a ofishin likita aka yi aikin. Da a gadon asibiti ne 21 za a sa, ɗakin gaggawa kuma 23. Lamba 1 da ke ƙarshen wannan gurbi ta ce wannan ce takardar asali. Da gyara ake aikowa, 7 za a rubuta. Da sokewa ce, 8. Ma'aikacin da ya gyara kuskure ya sake aikawa da 1 maimakon 7, kamfani zai ce masa ya aiko abu ɗaya sau biyu, ya ƙi biya. Haruffan da suka biyo baya amsoshi ne: likita ya sa hannu, ya yarda da farashin mai biya, mara lafiya ya yarda a biya likita kai tsaye, ya kuma yarda a saki bayanansa.

Gaɓa ta biyu ita ce ciwon. I10 lambar hawan jini ce a kundin cututtuka. Da zazzaɓin cizon sauro ne mai tsananin nan na falsifarum, B50.9 ne, amma a cikin fayil ba a rubuta ɗigon, B509 ake sawa. Wanda ya bar ɗigo ya jawo wa kansa aiki. Gaɓar SV1 ita ce aikin da aka yi: 99213, wato ganin tsohon majinyacin likita a ofis a kan matsalar da ba ta da sarƙaƙiya sosai, dala 150, sau ɗaya. Lamba 1 ta can ƙarshe ita ce mafi hatsari a layin. Yatsa ce mai nuna wane ciwo ne daga cikin waɗanda aka jera ya sa aka yi wannan aiki. Takarda ɗaya tana ɗaukar cututtuka har 12, amma kowane aiki huɗu kawai zai iya nunawa. Idan mutum yana da hawan jini da ciwon gwiwa, aka ɗauki hoton gwiwar, yatsar kuma ta nuna hawan jini, kwamfutar kamfani za ta yanke hukuncin cewa ba a buƙatar hoton. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi aikin banza, lamba ɗaya ce ta kalli inda bai kamata ba. Gaɓar ƙarshe kwanan wata ce, shekara a gaba, sannan wata, sannan rana.

Waɗannan lambobin ayyuka masu harafi biyar, a bari in faɗa a gurguje, ba na gwamnati ba ne. Ƙungiyar Likitocin Amurka ce ta fara wallafa su a 1966 da sunan CPT, ita ke da haƙƙin mallakarsu, kuma duk mai manhajar da zai sa su a ciki sai ya biya ta lasisi. Littafin ƙa'idar 837 ɗin kansa, mai ɗaruruwan shafuka, saye ake yi daga X12. Doka ta tilasta wa kowa magana da wani harshe, ƙamusunsa kuma na sayarwa ne.

Gaɓoɓin ba a watse suke ba, a rukuni-rukuni suke, wani cikin wani: rukunin mai neman biya a sama, a ƙarƙashinsa mai katin inshora, a ƙarƙashinsa mara lafiya idan ba shi ne mai katin ba, kamar ɗa ko mata, sannan takardar, sannan layukan ayyuka, har 50 a ta likita, har 999 a ta asibiti. Gaɓar suna, NM1, iri ɗaya ce ko'ina. Lambar da ke bin ta ce ke bambantawa: 85 mai neman biya, IL mai kati, QC mara lafiya, PR mai biya. Akwai wata hikima da nake yabawa a farkon fayil. Gaɓar buɗewa, ISA, ita kaɗai ce mai tsayayyen tsawo, harafi 106. Harafi na huɗu a cikinta shi ke sanar da mai karɓa alamar da za a raba gurabe da ita, na 106 kuma alamar rufe gaɓa. Wato fayil ɗin da kansa yake koya wa kwamfuta yadda za ta karanta shi. A ƙarshe kuma akwai gaɓar da ke faɗin adadin gaɓoɓin da aka aiko, domin idan wani abu ya yanke a hanya a gane.

Yanzu a duba abin da babu. Ba inda aka ce mutumin nan ya daina shan magani wata biyu saboda ya rasa aikinsa. Ba inda aka ce likita ya ɓata minti goma yana lallashinsa. Akwai gaɓar ƙarin bayani, NTE, amma harafi 80 take ɗauka, rabin saƙon tes ke nan. Kundin cututtukan yana da lambobi na halin rayuwa, irin su Z59.0 na rashin matsuguni, sai dai ba kasafai ake sa su ba, domin galibi ba sa ƙara ko sisi a abin da za a biya. Abin da ke da gurbi kuma ke jawo kuɗi shi ake rubutawa. A hankali wannan ya koma ya shafi yadda likitoci ke rubuta bayanan majinyata: ana rubutu ne da ido ɗaya a kan ko abin da aka rubuta zai isa a nemi 99214, mai kuɗi fiye, maimakon 99213. Masu bincike kuma da ke ɗaukar waɗannan takardu su ƙirga yawan masu wata cuta a ƙasa, suna ƙirga abin da aka nemi kuɗinsa ne, wanda ba koyaushe yake daidai da abin da ke damun mutane ba.

Tafiya da dawowa

Da fayil ya bar ofis, yawanci wurin dillali yake fara sauka. Amsa ta farko ita ce 999, wadda ba ruwanta da magani: tana cewa ne kawai an karanta, taurari sun cika, ko kuma gaɓa ta kaza ta karye. Sai 277CA, mai bin takardun ɗaya bayan ɗaya ta ce wannan ta shiga, wannan an koro ta saboda lambar kati ba ta dace da ranar haihuwa ba. Ma'aikatan ofis sun san bambancin takardar da aka koro da wadda aka ƙi biya, kuma bambancin na da tsada. Wadda aka ƙi biya ta shiga, an duba ta, an yanke hukunci, ana iya ɗaukaka ƙara. Wadda aka koro kuwa, a wurin kamfani kamar ba a taɓa aiko ta ba, alhali agogo na tafiya. Medicare shekara ɗaya take bayarwa daga ranar da aka yi aikin. Wasu kamfanoni kwana 90 kawai. Ofishin da ba ya karanta rahoton 277CA zai iya zama yana jiran kuɗin da ba wanda ya san yana bi, har wa'adi ya wuce.

Idan komai ya tafi daidai, amsar ƙarshe ita ce 835, bayanin biya. A misalinmu tana iya cewa: an nemi 150, an yanke 60 da dalili CO 45, wato kuɗin ya wuce farashin da aka yi yarjejeniya, kuma ba a yarda a bi mara lafiya wannan ba, 20 kuma PR 3 ne, kason da mara lafiya zai biya da kansa, ga 70. Dalilan ƙin biya ma lambobi ne da ma'aikatan suka haddace: 16 bayani bai cika ba, 18 maimaici, 29 wa'adi ya wuce, 50 ba a ga larurar aikin ba. Akwai sauran 'yan uwa: 270 da 271 na tambayar ko katin mutum na aiki da amsarta, 276 da 277 na tambayar ina takardata ta kwana, 278 na neman izini kafin a yi aiki. Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama a benci a asibiti a Najeriya da katin NHIS, hukumar da dokar 2022 ta mayar NHIA, yana jiran kamfanin HMO ya turo lambar izini kafin a yi masa gwaji ko tiyata.

To, tunda kowa ya koma fasali ɗaya, ai sai a zaci dillali zai rasa aiki. Ba haka aka yi ba, kuma dalilin shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga wannan babi. Dokar ta daidaita siffar saƙo, ba ta daidaita sharuɗɗan biya ba. Gurabe da yawa a 837 na sharaɗi ne, ana cika su idan hali ya kama, kuma kowane kamfani shi ke fassara lokacin da hali ya kama. Shi ya sa kusan kowane mai biya yake da nasa ɗan littafin rakiya da ke bayanin yadda shi yake son a cika 837 ɗinsa. An ba kowane likita da asibiti lamba ɗaya ta ƙasa mai alƙaluma goma, NPI, wadda ta fara aiki a Mayun 2007, kuma wannan ya yi amfani ƙwarai, domin a da likita ɗaya yana da lamba daban a kowane kamfani. Amma lambar bai ɗaya ta kamfanonin inshora, wadda dokar ta tanada, an kafa ƙa'idarta a 2012, ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba, aka soke ta a 2019. Ta majinyata kuwa, majalisa ta hana a kashe mata kuɗi tun ƙarshen shekarun 1990 saboda tsoron tonon silili. Har yau kamfanin inshora ɗaya yana iya samun lamba daban a jerin kowane dillali. Idan kuma kamfani ya nemi ganin rahoton tiyata ko sakamakon gwaji, 837 ba ya ɗaukar su. Akwai dai wata gaɓa, PWK, mai cewa takardu na nan tafe ta faks ko ta gidan waya. Ga tsofaffin manhajoji kuma da suka ci gaba da fitar da hoton bugu, dokar da kanta ta halatta wa dillali ya juya shi zuwa 837 a madadin likita.

Sauya fasalin kuma ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kundin cututtuka na goma, ICD-10, a 1990. Amurka ta fara rubuta dalilan mutuwa da shi a 1999, amma takardun neman biya suka ci gaba da tsohon kundi na tara, mai lambobi kusan dubu 14, masu harafi uku zuwa biyar. Sigar da Amurka ta faɗaɗa ta sabon tana da lambobi kusan dubu 70, masu harafi har bakwai, tana bambanta hannun dama da na hagu, zuwan farko da na biyo baya. ('Yan jarida sun sha dariya da W61.33XA, wato kaza ta tsattsagi mutum, zuwan farko.) Sigar 837 da dokar ta fara tilastawa, 4010, ba ta da hanyar nuna wane kundi ake nufi, don haka sai da aka fara sauya ta zuwa 5010 ranar 1 ga Janairu 2012. Wannan ABK da muka gani a misali shi ne alamar sabon kundi. A tsohon BK ne. Sabuwar sigar ta zo da ƙananan sharuɗɗa da suka tsayar da kuɗin ofisoshi da yawa, kamar hana sa akwatin gidan waya a adireshin mai neman biya da tilasta lambar unguwa mai alƙaluma tara, har gwamnati ta jinkirta hukunta masu saɓawa zuwa ƙarshen Yuni na shekarar. ICD-10 ɗin kansa an sa masa Oktoban 2013, aka ɗage zuwa 2014, majalisa ta sake ɗagewa, sai 1 ga Oktoba 2015 ya fara aiki, shekara 25 bayan haihuwarsa. Kundi na goma sha ɗaya ya fara aiki a duniya a Janairun 2022. Akwai kuma sabon tsarin musayar bayanan lafiya, FHIR, wanda aka gina a kan yadda manhajojin intanet ke magana da juna, gwamnatin Amurka ma ta fara tilasta shi a wasu wurare kamar neman izinin aiki. Amma takardar neman biya tana nan a 5010, wadda aka rubuta littafinta tun 2006.

A duk tsawon wannan lokaci dillalan suna ta haɗiye juna. Mafi girmansu a farkon 2024, Change Healthcare, a lokacin yana sarrafa saƙonni kusan biliyan 15 a shekara, kuma an ce yana taɓa bayanan ɗaya cikin kowane majinyata uku a ƙasar. A 2022 UnitedHealth, kamfanin inshorar lafiya mafi girma a Amurka, ya saye shi a kan dala biliyan 13 ko kusa da haka, bayan Ma'aikatar Shari'a ta je kotu don hana cinikin ta sha kaye.

Ranar 21 ga Fabrairu 2024 wasu masu kutse da ake kira ALPHV ko BlackCat suka kulle kwamfutocin Change suna neman kuɗin fansa. Kamfanin ya katse layukansa duka don kada cutar ta yaɗu. Nan take saƙonnin 837 suka daina tafiya, na 835 suka daina dawowa, kantunan magani suka kasa tantance katin masu saye, wasu majinyata suka biya da aljihunsu ko suka koma gida hannu rabbana. A wani binciken jin ra'ayi da Ƙungiyar Asibitocin Amurka ta yi a watan Maris, kashi 94 cikin ɗari na asibitocin da suka amsa sun ce abin ya taɓa kuɗinsu. Ƙananan ofisoshi suka shiga cin bashi don biyan albashi. Gwamnati ta fara ba da kuɗin Medicare kafin lokaci, UnitedHealth kuma ya raba rancen biliyoyin daloli.

A takarda, mafita a fili take: tunda fayil ɗin iri ɗaya ne, a kai wa wani dillalin. A aikace sai aka tarar dole a sake rajista da masu biya ɗaya bayan ɗaya, musamman don karɓar 835, a sauya lambobin kamfanoni zuwa na sabon jeri, abin da ke ɗaukar makonni. Wasu manhajojin ofis an ɗinke su ne da Change kaɗai. Wasu kamfanonin inshora kuma ba su da wata ƙofar shiga sai ta wurinsa, har sauran dillalan ma ta nan suke bi. Wasu ofisoshi suka koma neman jan fom.

Ranar 1 ga Mayu shugaban UnitedHealth na lokacin, Andrew Witty, ya bayyana a gaban majalisa. Ya ce masu kutsen sun shiga tun 12 ga Fabrairu da kalmar sirri ta sata, ta wata ƙofar aiki daga nesa wadda ba a sa mata tantancewa mataki biyu ba, suka kwana tara a ciki suna kwasar bayanai. Ya tabbatar an biya fansar dala miliyan 22. Abin da ke ratsa irin wannan kamfani kuwa mun gan shi a sama: suna, adireshi, ranar haihuwa, lambar kati, lambar ciwo, lambar aikin da aka yi, da sunan likitan da ya yi. A Janairun 2025 kamfanin ya ce mutanen da abin ya shafa sun kai kusan miliyan 190, fiye da rabin al'ummar ƙasar. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa jin sunan Change Healthcare ba sai ranar da wasiƙar sanarwa ta iso gidajensu, domin ba su suka zaɓe shi ba, ofishin likitansu ne ko kamfanin inshorarsu.